Abin da aka tattara kan nadama a shekarun girma

Tattaunawar da aka yi kan yadda mutum zai gyara abin da yake nadama a kai bayan ya manyanta ta yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya ce a fara da haƙƙin mutane: bashi, gadon da aka danne, zumuncin da rikicin gona ya yanke. Wata baiwar Allah ta kira yayarta bayan shekara 12, kuka kawai suka yi ta yi a waya.

2. Sallolin da aka bari da gangan a ƙuruciya, nan aka rabu. Masu bin Malikiyya sun ce dole a rama, wasu suka kawo ra'ayin Ibn Taimiyya: tuba da yawan nafila. An ɗan yi zafi, har na so a bar wa malamai.

3. Komawa makarantar dare ko Islamiyya, babu wanda ya musa.

4. A rubuta wasiyya tun da lafiya.