Me yaran makarantar garin Ruwa a Zimbabuwe suka gani a 1994?

Baban Ummi: Jama'a, ni fa ina nan a kan bakana cewa halittun wata duniya yaran nan suka gani. Ranar 16 ga Satumba 1994, a makarantar Ariel da ke garin Ruwa kusa da Harare a Zimbabuwe, yara 62 sun ce an fita tara sai wani abu mai walƙiya kamar faifai ya sauka bayan filin wasansu, wasu halittu masu baƙaƙen kaya da dara-daran idanu suka fito. Yara 62 ba za su haɗa baki kan ƙarya ɗaya ba.

Maman Khalifa: Wa ya ce ƙarya suka yi, Baban Ummi? Na daɗe ina koyarwa a firamare. Yaro ɗaya ya ce ya ga maciji a bayan aji, kafin a tashi rabin makaranta sun gan shi, har da masu faɗin launinsa. Kuma a lokacin malaman suna ciki suna taro, ba babban da ya gani.

Ɗan Zariya: Kwana biyu kafin nan ma gangar wata rokar Rasha ta faɗo tana ci da wuta, aka gan ta a sassan kudancin Afirka, ko'ina zancen ake.

Baban Ummi: Roka da dare ta faɗo, yara da hantsi suka gani. To John Mack fa, farfesan lafiyar ƙwaƙwalwa daga Harvard, da ya zo ya saurare su ya gamsu? Shi ma yaro ne?

Maman Khalifa: Sai a Nuwamba ya zo, bayan wata biyu. Kafin shi Cynthia Hind, wata mai binciken baƙin abubuwan da ake gani a sama, ta yi musu tambayoyi rukuni-rukuni, kowa na jin amsar ɗan'uwansa. Ko ni da nake binciken wanda ya saci biro, ɗai-ɗai nake kiransu. Zancen cewa halittun sun gargaɗe su kan lalata duniya ma a hirar Mack ya ɓullo.

Kawu Mai Shayi: Ku dai kuna ta wahala. Aljanu ne. Wasu yaran ai tokoloshe suka ɗauka, dodon da ake tsorata su da shi a can.

Ɗan Zariya: Kawu, ka taimaki Malama ke nan, kowa dodon gidansu ya gani.

Baban Ummi: Yaran macijinki, Malama, kafin mako sun manta. Waɗannan sun girma, sun yi aure, da yawansu har yau ba su sauya magana ba.

Maman Khalifa: Nawa yaran ba a kawo musu kyamarar BBC kamar yadda aka kawo wa na Ariel ba. Bari in sauke tukunya, zan dawo.