Abin da muka tsinta a hirar zuwa Agadez da iyali

Da muka zauna da waɗanda suka saba bin hanyar, kusan kowa ya ce a tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Rana ba ta cika ƙuna ba, amma dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, don haka a ɗauki bargo da rigunan sanyin yara, da man kaɗe saboda tsagewar leɓe da ƙafa.

Maganar ruwa ce ta fi tsawo. Daga Damagaram ta Tanout akwai dogon fili ba gari, kuma yaro ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai ya galabaita. A riƙa ba shi ruwa akai-akai, a ajiye gishiri da sukari. Ni dai na ƙara da dabino da ƙuli-ƙuli.

A cikin gari a kai yara tsohon masallaci mai hasumiyar laka mai tsawon mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin kayan tarihi a 2013. Zuwa duwatsun Air kuwa, sai da ɗan gari da izinin hukuma.

Masu kiwon tattabaru da kaji suka ce a bar wa maƙwabci hatsi da makullin gida.