Ɓeraye sun tare a kwalekwalena

Masunci daga Guri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da ruwan kogin Haɗeja ya ja baya, na jawo kwalekwalena na ajiye a rumfar da babur ɗina yake kwana, jikin rumbu. Yanzu ɓeraye sun yi sheƙa a ciki, sun yayyaga mini koma, har wayoyin babur sun gwaigwaye. Komar nan ita ce abincin gidana. Guba kuwa ina tsoronta saboda yara da kaji. Yaya zan yi?

Dattijo daga Kirikasamma: Wa alaikumus salam ɗana. Hatsin rumbun ne yake jawo su, don haka ka nisanta jirgin daga rumbun. Ka kife shi a kan bulo, ya tashi daga ƙasa. Koma kuma a wanke ta tas, domin ƙarnin kifi suke bi, ta bushe, sannan a rataye ta a tsakiyar ɗaki, kada ta taɓa bango. Ka samu kyanwa ma.

Bakanike daga Haɗeja: Malam, ka ɗana tarko a gindin bango da ɗan ƙuliƙuli, nan ne hanyarsu. Ramukan a toshe da siminti. Wayar a duba ta kafin ka tada babur.

Ma'aikaciyar lafiya: Yaya, don Allah kada a share kashinsu a bushe. A yayyafa ruwan bilic tukuna, a rufe hanci. Fitsari da kashin ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa. Abinci kuma a riƙa rufe shi.