Neman shawara: taga mai maɓallai don saka manhajoji a Debian

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a nan Damagaram, inda muka ɗora Debian, wani nau'in tsarin Linux mai gudanar da kwamfuta, a kan tsofaffin injuna. Malamai suna shakkar baƙin allon rubuta umarni, duk mai son sabuwar manhaja sai ya aiko yaro a kira ni. Na rubuta ƴar taga da harshen shirya manhaja na Python da GTK (kayan gina tagogi) wadda ke kiran apt, shirin saka manhajoji na Debian, idan an danna maɓalli, amma da zarar saukewa ta fara sai tagar ta daskare har aikin ya ƙare. Ina kuskuren yake?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. GTK na da madauki guda wanda ke zana taga kuma yake sauraron dannawa, kai kuwa ka ɗora masa jiran saukewa, shi ya sa ya tsaya cik. Sai dai ba nan damuwata take ba. Na tabbata da izinin root, wato mai cikakken iko a kan injin, kake buɗe tagar gaba ɗayanta, abin da bai dace ba, ga shi apt da kansa yana gargaɗin cewa kada wani shiri ya dogara da rubutun da yake fitarwa. Ka bi ta PackageKit, wanda Richard Hughes ya fara a 2007: shi ke aikin saka manhajojin a bayan fage, tagarka tana yi masa magana ta D-Bus (hanyar da shirye-shirye ke aika wa juna saƙo), polkit mai kula da ba da izini kuma ya nemi kalmar sirri lokacin da ake buƙatarta kawai. Daskarewar ma za ta tafi, tunda yana aiko labarin ci gaban aikin daki-daki.

Ƴar Zengou:
Malam ya yi gaskiya, amma me ya hana ka saka musu Synaptic, tagar saka manhajoji da ke akwai tuni, ka huta? Idan ka nace, ka tuna da ɗaukewar wuta lokacin bazara. In ta katse dpkg, shirin da apt ke amfani da shi wajen saka manhaja, a tsakiyar aiki, ba abin da zai sake sakuwa sai an yi dpkg --configure -a, don haka tagar ta gane wannan hali ta ba da maɓallin gyara. Ta kuma nuna yawan megabait kafin saukewa, domin da kuɗinmu muke sayen intanet ɗin.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na gwada Synaptic, amma dubban sunaye yake zubowa malami, har da ɗakunan lambobi irin su libc6 waɗanda cire su zai kashe injin. Manhajoji ashirin kawai nake so su gani, kowace da bayaninta cikin Hausa da Faransanci.