Tambayar fifiko a NCLEX-PN: me ya sa ba a fara da mai matsalar numfashi ba?

Ɗalibar jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar NCLEX-PN ta neman lasisin LPN, wato nas mai aiki ƙarƙashin kulawar babbar nas ko likita, a Amurka, kuma akwai wata tambayar gwaji da nake roƙon manyanmu su warware mini. An ba da majinyata huɗu a farkon aikin safe, aka ce wanne za a fara dubawa. Na farko dattijo ne mai daɗaɗɗiyar cutar toshewar hanyoyin numfashi, wato COPD, oksijin ɗin jininsa kashi 90, yana zaune yana cin abinci da bututun oksijin a hancinsa. Ta biyu mace ce da aka yi wa tiyatar ciki jiya da yamma, ta kasa natsuwa a kan gado, bugun zuciyarta 118 a minti ɗaya, awon jininta, wato BP, 112/70, fitsarinta kuma mililita 40 cikin awa biyu. Na uku mai ciwon sukari ne da awonsa ya nuna 180 yana jiran insulin, na huɗu kuwa mai karaya ne da ya ce raɗaɗinsa ya kai 7 cikin 10.

Amsar da aka bayar ita ce ta biyu. To amma an koya mana cewa hanyar iska ce farko, sai numfashi, sannan zagayawar jini. Idan haka ne, ta yaya aka tsallake dattijon, alhali awon jinin matar bai ma faɗi ba?

Malamar jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙa'idar da kika kawo daidai ce, sai dai ana aiki da ita ne bayan an yi wata tambaya da ta gabace ta: abin da ake gani a jikin wannan majinyaci, shi ne aka saba gani ga mai irin cutarsa, ko kuwa sabon abu ne da ba a yi tsammani ba? Ga mai COPD, abin da ake nema shi ne oksijin ya tsaya tsakanin kashi 88 da 92, saboda haka 90 ba matsala ba ce a wurinsa, ita ce ma manufar. Kuma da gangan aka ce yana cin abinci, domin wanda numfashi ke gagara ba ya iya zama ya ci.

Matar kuwa komai nata sabo ne, kuma alamominta uku wuri ɗaya suke nunawa. Idan jini yana zuba a ciki bayan tiyata, jiki ba ya barin awon jini ya faɗi nan take: zuciya tana ƙara sauri, jijiyoyin jini na fata da na ƙoda suna matsewa domin a tura ragowar jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, shi ya sa fitsari ke raguwa, fata ta yi sanyi, majinyaci ya shiga rashin natsuwar da shi kansa bai san dalilinta ba. Mililita 40 cikin awa biyu na nufin 20 a kowace awa, ƙasa da 30 da ake ɗauka a matsayin mafi ƙaranci ga babba. A lokuta da yawa awon jini ba ya faɗuwa sosai sai an rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jinin jiki, don haka 112/70 ɗin da ya kwantar miki da hankali shaida ce kawai cewa jikin yana fafutuka har yanzu, kuma nas ɗin da ta tsaya jiran faɗuwarsa ta makara. Mai karaya yana shan wahala, babu mai musun haka, amma raɗaɗi abu ne da ake tsammani ga karaya. Da an ce yatsun ƙafar sun yi sanyi sun dushe, ko raɗaɗin ya ƙi jin magani yana ta ƙaruwa a cikin filasta, da lissafin ya canja gaba ɗaya.

Wani mai lasisin LPN ya amsa:

Malama ta gama magana a kan wanda za a fara gani. Ni abin da zan ƙara shi ne abin da ke biyo baya, domin a nan ne jarrabawarmu ta bambanta da ta masu cikakkiyar rajista, wato RN. Aikin LPN, wanda ake kira LVN a Kalifoniya da Tekzas, shi ne tattara bayanai, ba da kulawar da aka tsara, ƙarfafa koyarwar da aka riga aka yi, da kai rahoton duk wani sauyi. Cikakken binciken farko da tsara shirin kulawa na RN ne, kodayake iyakokin sun ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha. Saboda haka ina ganin idan zaɓin sanar da RN ya bayyana a irin wannan tambaya, shi ne mafi aminci.

Malamar jinya ta sake amsawa:

Ɗan'uwa, na yarda da bayaninka kan iyakar aiki, amma ban yarda da shawarar ƙarshe ba, kuma ina tsoron ɗalibai su mayar da ita doka. Wani lokaci sanarwa ce amsa, wani lokaci kuwa guje wa aiki ce. Ke kuma ƙanwata, ma'aunin shi ne ko akwai abin da ke cikin ikonki wanda zai hana cutarwa a wannan daƙiƙar. Idan ana ƙarin jini majinyaci ya fara rawar sanyi da ciwon baya, sai ki tsayar da jinin tukuna sannan ki kira. Idan mai ciwon sukari yana gumi yana karkarwa, awonsa ƙasa da 70, kuma yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, sai ki ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini bisa tsarin da aka amince da shi, ki sake aunawa bayan minti 15. Idan za ki ba babba maganin zuciya na digoksin, kika saurari zuciyarsa na cikakken minti ɗaya kika sami ƙasa da 60, sai ki dakatar da maganin sannan ki kai rahoto, musamman in yana shan maganin sa fitsari na furosemaid, wanda ke zubar da fotasiyam, ƙarancin fotasiyam kuwa yana ƙara haɗarin gubar digoksin.

Amma a batun matar nan, maganarka ta fi kusa, domin LPN ba ta da abin da zai tsayar da zubar jini na ciki. Za ta duba bandeji da ƙarƙashin jikin majinyaciyar, inda jini kan gangara ya taru ba a gani ba, ta sake ɗaukar awo, ta kira RN ba tare da ɓata lokaci ba, kuma rahoton ya zo da lambobi da yadda suke tafiya tun daga dare, ba cewa kawai jikin ba daɗi ba.

Ɗalibar jinya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malama, Allah ya ƙara ilimi. Shin haka tambayoyin suke zuwa a ainihin jarrabawar, ko sabon tsarin ya sauya su?

Wata da ta rubuta jarrabawar ta amsa:

'Yar'uwa, irin wannan tana nan, amma tun 1 ga Afrilu, 2023 hukumar NCSBN, mai shirya jarrabawar, ta ƙara wani sashe da ke auna wannan tunanin kai tsaye. Tambayoyin suna tsakanin 85 da 150, lokacin kuma awa biyar ne, kuma a ciki za ki haɗu da labarin majinyaci guda uku, kowanne da tambayoyi shida da ke bin matakai shida: gane alamomin da ke da muhimmanci, fassara su, fifita abin da ya fi yiwuwa ko ya fi haɗari, fito da mafita, ɗaukar mataki, da duba sakamako. Ana ƙara bayanai a fayil ɗin majinyacin yayin da labarin ke tafiya, don haka ki riƙa sake buɗe shafin awo da na gwaje-gwaje a kowace tambaya, domin matar da awon jininta yake 112/70 a tambaya ta farko tana iya zama 88/54 a ta huɗu, kuma ba a komawa baya bayan an wuce.

A wasu tambayoyin ana ba da wani ɓangare na maki ko da amsar ba ta cika ba, amma a waɗanda aka ce ki zaɓi duk wanda ya dace, zaɓin da ba daidai ba yana cinye makin wanda ke daidai, saboda haka kada ki danna abin da ba ki da hujjarsa a cikin fayil ɗin. Lokacin gwaji kuma, duk tambayar fifiko da kika amsa, ki sauya lamba ɗaya a ciki, misali oksijin ɗin dattijon ya koma 84 ya ajiye cokali ya fara gyangyaɗi, sannan ki sake amsa ta.