Idan Mota Ta Daina Shan Mai, Wa Zai Biya Gyaran Titi?

A majalisarmu ta bayan la'asar a Tashar Dukku, nan Gombe, wannan magana ta taso, bayan wani ya wuce da keken lantarki shiru, ko hayaƙi babu.

Wani tsohon ma'aikaci ya tunatar da mu cewa gyaran dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da dizal domin gyaran hanyoyi. To, wanda bai shiga gidan mai ba, ta ina za a kama shi?

Mafi yawa suka ce a ɗora kuɗin kan sabunta takardun mota duk shekara. Birtaniya ma tun Afrilun 2025 motocin lantarki ke biyan harajin mota. Wasu suka kawo tsarin jihar Oregon ta Amurka, inda tun 2015 direbobin da suka shiga tsarin ke biya gwargwadon tafiyar da suka yi. Ni dai ina shakka: motocin hayarmu nawa ne agogon kilomitarsu ke aiki?

Shawarar wani direban Gombe zuwa Bauchi ta fi kwanta mini. Ya ce, "Alhaji, tirela ce ke cin kwalta, ba keke ba. A auna nauyi, mai nauyi ya fi biya."