Ya kwashe aikina yana sayarwa, wai ba sata ba ce?

Mai Kuwwa: Jama'a, raina a ɓace yake. 'Yar manhajar amsa-kuwwa na rubuta, da dare nake yi bayan na taso daga aiki, na ɗora kod ɗin, wato rubutun da aka gina ta da shi, a shafin ajiye kod na GitHub da lasisin MIT don masu koyo su amfana. Yanzu wani ya kwashe, ya sauya launi, yana sayarwa da dala. Hatta sunayen da na raɗa wa maɓallai bai taɓa ba, amma nawa sunan babu shi ko'ina. Wannan sata ce tsagwaronta. Ta yaya zan sa ya mayar da sunana?

Injiniya: Sata kuma? Ɗan'uwa, kai ka zaɓi MIT. Lasisin ya ce a kwafa, a gyara, a sayar. Ba a satar abin da aka ba da kyauta.

Ɗan Linux: Sata ce, ko da takarda ta halatta. Abin da ya sa Richard Stallman ya rubuta lasisin GPL a 1989 ke nan: duk wanda ya rarraba manhajar da ya gina a kan aikinka, dole ya buɗe nasa kod ɗin.

Injiniya: GPL ma ai ba ta hana sayarwa ba. Manhajar naɗar sauti ta Ardour GPL ce, kuma ana biyan kuɗi kafin a sauke wadda aka riga aka haɗa. A can ba ka kira sata ba, don naku ne.

Ɗan Linux: Wanda ya rubuta shi ke karɓar kuɗin, Yallaɓai. Ina haɗin?

Maman Sauti: Ku dakata. MIT tana da sharaɗi guda: a bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin a cikin kowane kwafi. In ya cire, ya karya.

Injiniya: Karya sharaɗi daban, sata daban, Hajiya. Émilie Gillet ta Mutable Instruments a Faransa ta saki kod ɗin Plaits, na'urarta ta haɗa sautin kiɗa, da MIT. Kamfanin Arturia suka sa shi a na'urarsu MicroFreak a 2019, kamfanin Behringer suka fito da tasu, Brains, da shi. Wa ya je kotu?

Baban Sutudiyo: Kada ka kawo mana Behringer a matsayin hujja. Amma gaskiya ɗaya ce, ba don arahar kayansu ba, da yawanmu ba mu taɓa riƙe irin waɗannan na'urori ba.

Ɗan Linux: Masu haɗa kiɗa da manhajar FL Studio ta fashi su ma za su sa baki a zancen sata? Ga takwararta LMMS nan, halak malak, ba ko sisi.

Baban Sutudiyo: Da wa kake? Nawa saye na yi, rasit na nan. Kuma ka zo ka haɗa waƙar biki da LMMS, mawaƙi na tsaye a kanka, mu gani.

Ɗan Linux: Ban kama suna ba. Surge fa, na haɗa sautin kiɗa? An buɗe shi da GPL a 2018, 'yan sa-kai suka ɗauka, yau ana yin waƙoƙin gaske da shi.

Injiniya: Manhajar gyaran sauti ta Audacity ma GPL ce. Ta hana hayaniyar tattara bayanan masu amfani bayan kamfanin Muse Group ya karɓe ta a 2021?

Ɗan Linux: GPL ɗin ce ta ba mutane ikon ballewa su yi tasu, Tenacity!

Maman Sauti: Da MIT ce ma za su iya ballewa, Malam.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: mafi yawa sun yarda cewa MIT ƙofa ce a buɗe ga masu cin gumin wasu, kuma GPL ce kariyar ƙaramin mai rubuta manhaja. Ni kaina da ita nake sakin komai. Injiniya ya kawo misalai, amma ba su gamsar ba. Zancen FL Studio a bar shi.

Injiniya: Mafi yawa su wa, ranka ya daɗe? Mutum ɗaya ne ya faɗi haka.

Mai Kuwwa: Hajiya, don Allah, wasiƙa zan fara rubuta masa ne, ko shagon da yake sayarwa zan kai wa ƙara?